Fim ɗin da aka zaga a 1982 ake yabo a yau: abin da ya kamata ku sani game da The Thing

Wataƙila kuna cikin mutanen da ba sa ƙona datarsu wajen sauke fim sai sun fara dubawa sun ga abin da aka ce a kansa. Dabara ce mai kyau. Sai dai akwai wani fim ɗin Amurka da tarihinsa zai sa ku riƙa ƙara tambaya biyu: wa ya faɗa, kuma yaushe ya faɗa?

Sunansa The Thing, wato "Abin". John Carpenter ne ya ba da umarni, kamfanin Universal ya sake shi a gidajen sinima ranar Juma'a 25 ga Yunin 1982. Kafin mako ya zagayo manyan jaridun ƙasar sun yi masa kaca-kaca, 'yan kallo kuma suka ƙaurace masa. Yau kuwa da wuya a jera fitattun fina-finan ban tsoro ba a sa shi a sahun gaba ba. Ba a sake ɗaukar ko fitowa ɗaya ba, ba a gyara ƙarshensa ba. Wanda aka zaga ɗin, shi ne dai ake yabo. Ku sani tun yanzu cewa dole mu taɓo ƙarshen labarin, don a kansa rabin rigimar take.

Wane irin fim ne?

Ana kasa fina-finai gida-gida bisa irin labarinsu, wannan kuwa ya haɗa gida biyu. Na farko shi ne ƙagaggen labarin kimiyya, wato labarin da bai faru ba amma aka jingina shi da ilimin kimiyya, kamar tafiya sararin samaniya, ko mutum-mutumi mai tunani, ko wata cuta da ta kuɓuce daga ɗakin gwaji. Na biyu shi ne fim ɗin ban tsoro, wanda aikinsa ya tayar muku da tsikar jiki.

Za ku ce, to me ya raba shi da fim ɗin aljanu? Inda tsoron ya fito. A fim ɗin aljanu abin na gaibu ne, addu'a ake nema. A nan dodon halitta ce mai jini da tsoka, ana iya yankan naman jikinta a sa a madubin likita a duba, ana iya ƙona ta da wuta. Masana da dama suna kai asalin wannan haɗi ga littafin Frankenstein na Mary Shelley, 'yar Ingila, wanda ya fito a 1818. A sinima kuwa, wanda ya share fage dab da The Thing shi ne Alien na Ridley Scott a 1979. Shi ya yi kasuwa sosai, har ya ci kyautar Oscar, babbar kyautar fina-finan Amurka, a fannin siddabarun hoto.

Me labarin ya ƙunsa?

Maza goma sha biyu ne 'yan Amurka a wata tashar bincike a Antaktika, nahiyar ƙanƙarar da ke can ƙarshen kudancin duniya, inda idan hunturu ya shiga ba shiga ba fita. Fim ɗin ya buɗe da wani kare yana gudu a kan ƙanƙara, jirgi mai saukar ungulu na biye da shi ana harbinsa. Mutanen jirgin 'yan ƙasar Norwe ne daga wata tasha ta kusa. Ɗaya ya hallaka kansa da gurneti bisa kuskure, ɗayan ya biyo karen har cikin tashar yana ihu da harshensu, Amurkawan suka ɗauka ya zare ne, shugabansu ya harbe shi. Da suna jin harshensa da labarin ya ƙare a nan, don abin da yake faɗa musu shi ne wannan fa ba kare ba ne.

Suka tausaya wa karen suka ba shi masauki. Da dare aka kai shi kejin sauran karnuka, a nan fuskarsa ta tsage gida huɗu, wasu jijiyoyi suka fito daga jikinsa suna nannaɗe karnukan. Ashe wata halitta ce da ta zo daga wata duniya, jirginta ya faɗi ya daɗe binne cikin ƙanƙara dubban shekaru, 'yan Norwe suka tono ta. Halinta shi ne ta haɗiye mai rai sannan ta zama shi sak, da muryarsa da tafiyarsa da duk abin da ya sani. Mu da muka tashi da labarin mutanen da ke rikiɗa su zama kura da dare ba ma buƙatar dogon bayani. Sai dai a nan an juya abin: dodon ne ke rikiɗa ya zama abokin aikinka, ya zauna kusa da kai ku sha shayi.

Fitowar da aka fi magana a kai ita ce ta gwajin jini. Jarumin fim ɗin, matuƙin jirgi MacReady, wanda Kurt Russell ya fito a matsayinsa, ya gano cewa kowane yanki na jikin dodon rai ne mai zaman kansa, ko da ɗigon jini ne zai nemi ya tsira. Sai ya sa aka ɗaure sauran mutanen a kan kujeru, aka tsaga babban yatsan kowa aka tari jinin a ƙananan faranti, kowanne da sunan mai shi. Ya ɗauko wayar tagulla ya gasa bakinta da wuta. Ya tsoma a faranti na farko, sai ɗan ƙauri da hayaƙi, mutum ne. Ya sake gasawa, ya tsoma a na gaba. Ɗakin ya yi tsit, kowa na satar kallon na kusa da shi, wasu ma da alama ba su da tabbas a kan kansu. Yana cikin gardama da wani da yake zargi ya tsoma wayar a farantin wani daban, jinin ya yi ƙara ya yi tsalle ya bar farantin. Mai jinin kuwa yana ɗaure a kujera ɗaya da mutanen da ba su da halin gudu.

A ƙarshe tashar ta ƙone ƙurmus. Mutum biyu suka rage, MacReady da wani mai suna Childs, suna zaune cikin sanyi suna miƙa wa juna kwalbar barasa, wutar tana mutuwa, ba wanda ya san ko ɗan'uwansa mutum ne. A haka aka rufe.

Labarin ba sabo ba ne. An ɗauko shi daga wani gajeren littafi na John W. Campbell mai suna Who Goes There? na 1938, kuma an riga an yi fim da shi a 1951, The Thing from Another World, wanda Amurkawa da yawa suka tashi suna ƙaunarsa. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Su wane ne masu sharhin fim, yaya suke aiki?

Mai sharhin fim ɗan jarida ne da aikinsa ya kalli sababbin fina-finai ya rubuta ra'ayinsa. Yadda aka saba, kamfani kan shirya musu kallo na musamman 'yan kwanaki kafin a saki fim, sharhin ya fito a jarida ranar da aka fara nunawa. Wasu sukan ba da maki da taurari, misali huɗu shi ne ƙoli. Sau ɗaya yawanci suke kallo, su rubuta cikin kwana ɗaya ko biyu, su wuce zuwa na gaba.

A 1982 maganarsu tana da nauyi fiye da yanzu. Babu intanet, babu inda ɗan kallo zai je ya ji ta bakin dubban 'yan'uwansa. Daga tallan talabijin sai shafin jarida sai abin da aboki ya faɗa. Idan New York Times da Newsweek suka haɗu suka ce kada ku je, mutane da yawa ba za su je ba.

Me suka ce?

Vincent Canby na New York Times ya kira shi fim na wauta mai kashe jiki, wanda ya gauraya tsoro da kimiyya ya fito da abin da ba shi da daɗin ko ɗaya daga cikinsu. A ganinsa shara ce tun ranar fitowarta. David Ansen na mujallar Newsweek ya ce Carpenter ya watsar da komai ya bi jini da ƙazanta. Roger Ebert na Chicago Sun-Times, mai sharhin fim na farko da ya ci kyautar Pulitzer ta aikin jarida, ya ɗan sassauta, ya ba shi taurari biyu da rabi cikin huɗu. Amma shi ma ya ce fim ne da sai mutum ya riƙe ledar amai. Ya kuma kawo ƙorafin da yake da ma'ana: mutanen sun san dodon ba ya kama mutum sai ya same shi shi kaɗai, me ya sa suke ta rarrabuwa kowa na kama gabansa?

Wanda ya fi ciwo shi ne na 'yan gida, wato mujallun masoya irin waɗannan fina-finai, waɗanda ake sa ran za su kare shi. Alan Spencer ya rubuta a Starlog cewa Carpenter ya fi dacewa da shirya haɗarin mota da na jirgin ƙasa da bulala a bainar jama'a. Cinefantastique ta sa fim ɗin a bangonta tana tambaya ko shi ne fim ɗin da aka fi tsana a tarihi. Christian Nyby, daraktan na 1951, ya ce mai son ganin jini ya tafi mayanka, wannan kuwa tallan barasar J&B ne kawai.

Idan kuka tace duk wannan za ku ga ƙorafi uku ne ke maimaituwa. Ƙazantar ta yi yawa. Mutanen cikinsa ba su da ɗumi, ba wanda zuciya za ta kwanta da shi. Ƙarshen kuma babu nasara, babu ko amsa. Carpenter da kansa yana ba da labarin wata yarinya da ta tambaye shi, bayan kallon gwaji da aka shirya kafin sakin fim ɗin, wane ne dodon cikin mutum biyun da suka rage. Ya ce mata ai an bar wa mai kallo ne ya yanke. Ta ce masa ta tsani irin wannan. Ya ce a nan ya san sun shiga uku.

Gaskiya ne E.T. ne ya kashe masa kasuwa?

Wannan shi ne bayanin da za ku fi ji. Mako biyu kafin The Thing, ranar 11 ga Yuni, shi dai kamfanin Universal ya saki E.T. na Steven Spielberg, labarin wata 'yar halitta mai manyan idanu daga wata duniya da ta ɓata a Amurka ta yi abota da wani yaro. Iyaye da yara suka yi ta kuka a sinima, fim ɗin ya zarce Star Wars ya zama wanda ya fi kowane kawo kuɗi a lokacin. Amurka kuma tana cikin matsin tattalin arziki, rashin aikin yi ya haura kashi 10 cikin 100 a ƙarshen shekarar. Mutumin da ya rasa aiki, in ya sayi tikiti, wataƙila ba ya son a ce masa kada ya yarda da kowa.

Akwai gaskiya a ciki, amma ni ina ganin an cika ɗora wa E.T. laifi. A farkon watan Yunin nan aka saki Poltergeist, fim ɗin ban tsoro ne, kuma ya yi kasuwa. Ashe ba tsoro mutane suka ƙi ba. Bambancin shi ne a Poltergeist akwai iyali, akwai uwa mai neman 'yarta, kuma an tsira. Ga kuma cunkoso: Star Trek II ya fito a watan, Tron ya biyo baya a Yuli, Blade Runner na Ridley Scott kuwa rana ɗaya suka fito da The Thing. Shi ma Blade Runner bai ji da daɗi ba a hannun masu sharhi da 'yan kallo, shi ma daga baya aka ɗaukaka shi. Sannan The Thing yana da alamar R, wadda ke nufin ɗan ƙasa da shekara 17 ba zai shiga ba sai da babba. Wannan kaɗai ya rage masa 'yan kallo.

Nawa aka kashe, nawa aka samu?

An kashe kimanin dala miliyan 15. An ɗauki wasu fitowar a Alaska, wasu kusa da garin Stewart a yammacin Kanada, na cikin ɗaki kuma a Los Angeles, inda aka sanyaya wurin ɗaukar da na'urori alhali ana zafi a waje. A sinimomin Amurka ya tara dala miliyan 19 da dubu 600.

Za ku ce ai an ci riba ke nan. A'a. Kuɗin tikiti ba duka ke komawa kamfani ba, masu gidajen sinima suna riƙe kusan rabi. Kuɗin talla da na buga kwafen da ake rarrabawa kuma ba sa cikin miliyan 15 ɗin. Don haka fim ɗin da ya tara ɗan abin da ya ɗara kuɗin yinsa, a lissafin 'yan kasuwa faɗuwa ya yi. Abin ya ƙara muni idan aka tuna cewa shi wannan Carpenter ne ya yi Halloween a 1978 da kimanin dala dubu 300, ya kawo dala miliyan da dama. An ba shi manyan kuɗi ne don a ga irin wancan.

Wa abin ya shafa?

Carpenter ne ya fara ɗanɗanawa. Universal sun riga sun ba shi aikin Firestarter, wanda aka ɗauko daga littafin Stephen King, suka karɓe suka ba wani. Ya koma ya yi Christine a 1983 da wani kamfanin, ya kuma sha faɗa cewa neman aiki ne ya sa ya karɓa. Ya ce cikin fina-finansa babu wanda faɗuwarsa ta yi masa ciwo kamar wannan.

Sai Rob Bottin, wanda ya ƙera dodon, yana ɗan shekara 22 kacal. A lokacin kwamfuta ba ta kai ta zana dodo a cikin fim ba, komai da hannu ake yi. Roba ce da ƙarafa da igiyoyi da ƙananan injina, ana shafe su da abubuwa masu yauƙi, har da kayan abinci irin su mayonis da cingam da aka narkar. Akwai fitowar da likita ke danna wa wani na'urar lantarki a ƙirji don ta da zuciyarsa, ƙirjin ya buɗe kamar baki mai haƙora ya gutsure hannayen likitan, sannan kan mutumin ya tsinke daga wuya, ya zame ƙasa, ya fito da ƙafafu irin na gizo-gizo ya kama tafiya. Duk abin nan an gina shi ne a gaban kamara. Bottin ya fi shekara yana aiki ba hutu, har a wurin yake kwana, da aka gama sai da aka kwantar da shi a asibiti saboda gajiya. Ladan da ya fara samu shi ne aka ce aikinsa ne ya ɓata fim ɗin.

Na uku shi ne Ennio Morricone, shahararren mai tsara kiɗa ɗan Italiya. Kiɗan da ya yi wa fim ɗin ba shi da ado, wani sauti ne mai kauri da ke bugawa biyu-biyu kamar zuciya. Akwai wata kyautar ba'a da ake kira Razzie, wadda ake bai wa abin da ya fi muni a shekara, aka sa sunansa cikin masu takarar kiɗa mafi muni. Bayan shekara 33, Quentin Tarantino ya ɗauko wasu daga cikin waɗannan kiɗe-kiɗen ya sa a The Hateful Eight na 2015, labarin wasu mutane da ƙanƙara ta tsare a ɗaki ɗaya ba su yarda da juna ba, Kurt Russell ma yana ciki. Morricone ya ƙara sabon kiɗa, kuma da aikin wannan fim ɗin ya ci Oscar a 2016.

Yaya aka yi ra'ayi ya juya?

Ba rana ɗaya ba ne, kuma ba daga jaridu ya fara ba. Daga kaset ɗin bidiyo ya fara. A shekarun 1980 na'urar bidiyo ta shiga gidaje, shagunan haya suka cika gari, tashoshin talabijin suna maimaita tsofaffin fina-finai da dare. Yaran da aka hana shiga sinima suka kalle shi a gida, kuma ba sau ɗaya ba.

Wannan maimaitawar ita ce mabuɗin, don fim ne da kallo na biyu ya fi na farko. A karon farko ƙazantar ce ke cika ido, mutum yana rufe fuska. A karo na biyu kun riga kun san inda dodon zai fito, sai ido ya koma kan mutanen. Inuwar wa aka gani a bango lokacin da karen ya shiga ɗaki? Wa ya ɗauki makullin ma'ajiyar jini? Yaushe aka kama wane? Mai sharhi da ya kalla sau ɗaya ya rubuta washegari ba shi da wannan damar. Abin da ya kira rashin ɗumi, masu kallo na biyar suka ga ai shi ne batun fim ɗin: mutanen da zaman kaɗaici ya riga ya gundura da juna, tsoro ya zo ya ƙarasa raba su.

Zamani ma ya taimaka. Rahoton farko na cutar da aka sani daga baya da ƙanjamau ya fito a Amurka a Yunin 1981. Bayan 'yan shekaru, labarin wani abu da ke ɓoye cikin jiki, wanda ba a gane mai shi da ido sai an gwada jini, ya daina zama tatsuniya a kunnen mutane. Sannan daga Terminator 2 a 1991 da Jurassic Park a 1993, zanen kwamfuta ya mamaye sinima. Da ido ya saba da dodannin da ba su da nauyi, sai aikin hannun Bottin ya ƙara daraja.

Daga nan masana suka biyo baya. A 1997 Cibiyar Fina-finai ta Birtaniya ta buga littafi guda a kansa, na marubuciya Anne Billson, cikin jerin littattafanta kan fitattun fina-finan zamani. A 1998 ya fito a faifan DVD tare da dogon shiri kan yadda aka yi shi. Aka yi wasan kwamfuta da shi a 2002. A 2008 mujallar Empire ta sa shi cikin manyan fina-finai 500 na tarihi. Sara da sassaƙa dai ba su hana gamji toho ba.

To masu sukar farko sun yi kuskure ke nan?

A hukunci sun yi kuskure, amma ba su yi ƙarya ba. Duk abin da suka ce sun gani yana nan: jinin yana nan, sanyin zuciyar yana nan, ƙarshen ba amsa. Inda suka kauce shi ne sun ɗauki waɗannan a matsayin gazawa, alhali da gangan aka yi. An ma ɗauki wani ƙarshe na daban inda aka ceto MacReady aka gwada jininsa aka ga mutum ne, Carpenter ya ƙi amfani da shi. Kuma da yawansu sun shiga sinima da ma'aunin fim ɗin 1951 a hannu, inda sojoji suka haɗa kai suka kashe dodon, kowa ya koma gida da kwanciyar hankali.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. A kallon farko da wuya ku bambance mutum goma sha biyu masu gemu da manyan riguna, wasu har su mutu ba ku riƙe sunansu ba. Babu mace ko ɗaya a fim ɗin, in ban da muryar wata kwamfutar wasan dara. Tambayar Ebert kuma har yau ban ga wanda ya amsa ta yadda zan gamsu ba.

Kada kuma ku ɗauka duk fim ɗin da aka kushe jiran ranarsa yake yi. A 2011 aka yi wani The Thing ɗin mai ba da labarin abin da ya faru a tashar 'yan Norwe. An fara gina dodanninsa da hannu, daga baya aka lulluɓe yawancinsu da zanen kwamfuta. Aka kushe shi, bai mayar da dala miliyan 38 da aka kashe ba, kuma shekaru sun wuce ba a ga an dawo ana ba shi haƙuri ba.

Me lambobin da kuke gani a intanet ke nufi?

Idan kuka nemi fim ɗin a waya za ku ga shafin Rotten Tomatoes ya ba shi sama da kashi 80 cikin 100. Mutane da yawa suna ɗauka maki ne irin na jarrabawa. Ba haka ba ne. Shafin yana tara sharhi ne ya kasa su biyu, wanda ya yaba da wanda ya kushe, lambar kuma ita ce yawan waɗanda suka yaba. Da masu sharhi ɗari za su ce fim "ba laifi", babu ko ɗaya da ya ce ya burge shi, zai iya samun 100. Daga kashi 60 zuwa sama ake sa wa fim alamar jan tumatir, ƙasa da haka a sa masa ruɓaɓɓe. Shafin Metacritic kuwa matsakaicin maki yake ɗauka, kuma a can The Thing bai kai 60 ba.

Abu na biyu, an kafa Rotten Tomatoes a 1998, shekara 16 bayan fitowar fim ɗin. Sharhin da ya tara sun haɗa da masu yawa da aka rubuta bayan ra'ayi ya riga ya juya. Don haka lambar ba ta nuna muku yadda aka karɓe shi a 1982. Idan kuna son sanin haka, sai ku buɗe sharhin ɗaya-ɗaya ku dubi kwanan watan da ke jikinsu.

Ya dace ku kalla?

Idan ganin jini da tsagewar jiki yana tayar muku da zuciya, ku bar shi, ba ku yi asarar da za a yi muku jaje ba. Ba na yara ba ne ko kaɗan. Akwai zagi, akwai shan barasa da tabar wiwi, akwai fitowar karnukan nan da ko manya ke kau da kai. Babu tsiraici, babu soyayya. Tsawonsa awa ɗaya da minti 49. Ku lura da shekarar kafin ku sauke, don na 1982 da na 2011 sunansu ɗaya.

Idan kuwa za ku iya, ku kalla da dare, ku ajiye waya, kuma ku yi niyyar sake kallo. Akwai masu kallonsa duk shekara a wurin da ya fi ko'ina dacewa. A tashar bincike ta Amundsen-Scott da Amurka ke da ita a tsakiyar Antaktika, jirgi na ƙarshe yana tashi a watan Fabrairu, ba ya dawowa sai wajen ƙarshen Oktoba. Ma'aikatan da za su yi hunturu a can, 'yan gomiya kaɗan, sun mayar da shi al'ada: da zarar ƙarar jirgin ta ɓace, sai su taru a ɗaki ɗaya su kunna The Thing.